Tsohuwa da Mai Suna

Ranar addu'ar ukun Kawu, abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai shi ne motocin da suka cika layin gidansa a Fort Washington. Mun saba da namu, na likitoci masu sheƙi da na direbobin garin Sterling masu ƙamshin turare. Waɗannan kuwa a-kori-kura ne manya, tayoyinsu duk laka, kuma tsofaffin Turawa ne ke saukowa daga ciki, kowa hularsa a hannu. In sun iso bakin ƙofa suka ga tulin takalma, sai su sunkuya da ƙyar su kwance nasu, su shigo da safa su zauna a ƙasa kusa da liman.

Wani direba ɗan Nijar da ya yi shekaru yana sallah sahu ɗaya da Kawu ya tare ni a ƙofar kicin, ina miƙa masa tiren shayi, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa wai su wane ne waɗannan. Na ce masu kawo wa marigayi aiki ne. Ya ce au, ashe Turawa ma suna kai gyaran keken ɗinki? Shi duk zatonsa sana'ar ke nan, don Kawu ya taɓa gyara na matarsa. Wani likita da ke gefe ya ce a'a, ai agogo yake gyarawa. Wata baiwar Allah daga cikin kicin ta ce ita dai makullin gidanta ya gyara mata, bai kuma karɓi komai ba. Duk gaskiya suka faɗa. Amma abin da Kawu ya yi shekara talatin yana yi a wani ƙaramin shago a hayin kogi, a Virginia, gyaran bindiga ne, irin ƙaramar nan mai ganga da ke juyawa, wadda kakanninmu suka ji sunanta a bakin Turawan mulki suka mai da shi libarba. Da na faɗa musu sai direban ya ajiye kofinsa ya ce, mutumin da ba ya iya yanka kaza?

Ni ma tambayar da na daɗe ina yi ke nan, shi ya sa na zauna rubuta wannan kafin abubuwan su fara zube mini. Ni 'yar ƙanwarsa ce. Shi ya ɗauko ni daga Kano na zo karatun aikin jinya, a gidansa na zauna har na kama ɗaki a College Park. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da a ranar da na fi sa masa ciwon kai, kuma ranakun suna da yawa, don bakina ba ya ajiya.

Mako guda kafin rasuwarsa, a gadon asibiti, ya zaro wani abu daga ƙarƙashin matashi, a naɗe cikin hankici. Ƙaramin sukundireba ne, bai fi tsawon yatsana ba, an goge bakinsa ya yi siriri.

"Uwata, ki ba Babana. Ki ce ya kwance da hannunsa."

Na ce ya kwance me, Kawu? Ya rufe ido ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Na san barcin nan sarai, shi yake yi in Hajiya, matarsa, ta tayar da maganar gishiri a abincinsa.

Babana kuwa ɗansa ne tilo, wanda mu muke kira Abba, don sunan mahaifin Kawu ya ci. A nan aka haife shi, yana aikin kwamfuta can yammacin ƙasar, kuma shekara bakwai ke nan rabon da ya kwana a gidan. Ya zo jana'iza, ya ɗauki makara, ya zauna karɓar gaisuwa, ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, amma tikitinsa na washegarin bakwai ne. Na san in ya hau jirgin nan da abin da ke ransa, shi ke nan, zai ƙare rayuwarsa yana ganin ubansa bai taɓa ɗaukarsa ɗa na gaske ba. Ga sukundireba a jakata, ban ma san inda yake shiga ba.

Mu gidan maƙera ne. Kakanmu garma da fartanya yake ƙerawa, da wuƙaƙe, da bindigar toka ta mafarauta, kuma duk abin da ya fito daga hannunsa sai ya buga masa alama, ɗigo uku da layi a ƙarƙashi. Akwai ta a jikin wuƙar naman mahaifiyata, wadda take kicin ɗina yanzu haka. Na taɓa tambayar Kawu me ya sa shi ba ya sa alamar a aikinsa. Ya ce shi gyara yake yi, gyara kuwa ba ƙira ba ce. Ya ce mahaifinsa abin da ya yi da hannunsa kaɗai yake sa wa, wanda in ya ba da kunya a kasuwa shi za a zo a samu.

Na sha zuwa shagon in kai masa abinci, don Hajiya ta yi rantsuwa bindiga ko ɗaya ba za ta kwana a gidanta ba, kuma bai taɓa musa mata ba. Shagon na wani tsohon Bature ne, Kawu yana ce masa Maigida, shi kuma yana ce wa Kawu Malam, kalmar da ya iya ke nan. In aka kawo libarba, Kawu zai duba ko da harsashi a ciki, sau biyu, ko da shi ya ajiye ta da hannunsa. Sai ya kara ta a kunne, ya rufe ido, ya ja kanta baya da babban yatsa a hankali, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. Daga nan sai ya faɗi abin da ke damunta tun bai buɗe ta ba. Wallahi na ga manyan mutane masu gemu sun yi tsit suna jiransa, yadda dangin mara lafiya ke jiran likita.

A 'yan shekarun nan kamfanoni suka shiga sake fito da tsofaffin samfura, sunan da siffar duk na da, amma sabon bugu. Daga nan tambaya ɗaya ta cika shagon: in sayi sabuwar ko in nemi ta asali? Na ji amsar Kawu har na haddace, ni da ba ruwana. Yakan ce ta da, mutum ne ya zauna da magagari ya goge kowane ƙarfe har ya zauna da ɗan'uwansa, shi ya sa take tafiya sumul, shi ya sa kuma in ka cire wani abu daga wata ba zai shiga wata ba. Baƙin jikinta kamar rinin da ya sha bugu, yanzu ba mai haƙurin yinsa. Amma ta tsufa, kayanta sun yi wuya, kuma mai sayarwa waje yake gogewa, cikin sai Allah. Sabuwar kuwa inji ne ya yanka ta, ƙarfenta ya fi ƙwari, in abu ya karye kamfani zai aiko maka, sai dai in ka ja ta ka ji kamar da yashi a ciki. Sai ya tambayi mutum abin da zai yi da ita. In filin harbi zai riƙa zuwa duk Asabar, ya sayi sabuwa ya bar tsohuwa ta huta. In aikin hannun mutum yake son kallo, ya nemi ta da, amma ya kawo a saurara masa kafin ya biya. Tambayarsa ta ƙarshe ita ke sa su dariyar yaƙe: wa zai gyara maka ita in ni da Maigida muka mutu?

Shi kansa guda ɗaya ya mallaka a lokacin, ta asali, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Tsohuwa yake ce mata. Tana cikin akwatin ƙarfen shagon, yakan fito da ita ya shafa mata mai ya mayar, kuma Maigida ya ce bai taɓa ganin ya harba ta ba. Na sha tambayarsa shi wacce ya fi so, ta da ko ta yanzu. Sai ya ce Uwata, abincin nan zai huce.

Mun yi faɗa a kan sana'ar nan, kuma ban ɓoye ba. Wata safiya na taso daga sashen gaggawa, bayan mun sha fama da wani magidanci da aka harba, bai kuma tashi ba. Ban wuce gida ba, Fort Washington na nufa da kayan aikina a jiki. Na same shi yana karyawa, ban ko gaishe shi da kyau ba na ce, Kawu, kai ka gyara, mu mu ɗinke, ko ba haka ba? Hajiya ta ce ke, ubanki ne fa. Kawu ya ce ba shi da amsar da za ta ishe ni. Abin ya ƙara ƙona mini rai, don faɗa na zo yi. Wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau ban canza ra'ayi ba, na tsani bindiga, ta da da ta yanzu, kuma da yana raye zan sake faɗa masa.

Sai ga shi ranar ukun, ɗaya daga cikin Turawan nan, wani dogo, ya nemi ya yi magana da wani na gida, aka turo ni. Ya ce shekarar da matarsa ta rasu ya kai wa Kawu bindigarsa gyara, yana ta gaggawa, don niyyarsa ya kashe kansa da ita. Kawu ya dube shi, ya dubi bindigar, ya ce ya dawo Asabar. Da ya dawo, Kawu ya ja masa kujera, ya zuba masa shayi mai citta da kanumfari daga fulas, ya faɗa masa wata kalma. Haka Asabar ta gaba, haka ta gaba, har sanyi ya wuce ganye ya fito. Daga baya Maigida ya gaya masa ai tun ranar farko aka gama gyaran. Na ce wace kalma ce? Ya gyara murya ya faɗe ta da harshensa mai nauyi: tukuna. Ya ce har yau bai san ma'anarta daidai ba, amma ya san ita ta sa yana tsaye a gabana. Na koma kicin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Abin da ya raba Kawu da Abba kuwa a gabana aka yi. Kawu mutumin da ne a kan alkunya. Abba ɗan fari ne, ga sunan uba, don haka ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ranar da ya gama jami'a ma bayan kowa ya tsaya a hoto. Mu da muka taso a gida mun san wannan shi ne so ɗin. Wanda ya taso yana ganin iyayen abokansa suna rungume su a bakin makaranta, ina zai sani? Ga kuma maganar harafi. Ranar da aka haifi Abba, wadda ta cike takardar haihuwa ta ƙara wa sunan harafi ɗaya a ƙarshe, wanda ba ya ciki. Kawu ya yi shekaru yana mitar an lalata sunan ubansa. Da Abba ya girma aka ce ya je a gyara, ya ce shi haka ya saba rubutawa, nasa ne. Kawu bai sake tayar da zancen ba, kuma shirun nasa ya fi mitar ciwo.

Da Abba ya samu aiki mai kyau, sai ya ji an sake fito da irin Tsohuwa sak. Ya saya, ya sa aka aiko da ita shagon da takardunta, ya zo hutun babbar sallah ya ɗauke mu ni da Hajiya wai mu je mu ga fuskar babansa. Kawu ya buɗe kwalin, ya duba sau biyu, ya kara a kunne, ya rufe ido. Mun jira. Da ya buɗe ido sai ya ce, "Mai suna ce. Ba ita ba ce, sunanta aka sa mata."

A gidanmu wannan magana ba zagi ba ce. Mai suna shi ake ja a jiki, shi ake ba tsoka mai kyau, shi ba a duka. Amma Abba rabin Hausa yake ji, kuma rabin da ya ji shi ne ba ita ba ce. Ya ce da Turanci, wato kamar ni ke nan. Na zuba wa Kawu ido, ina cewa a raina yi magana mana, kalma ɗaya ta isa. Ya sunkuyar da kai, ya rufe kwalin, ya ce Allah ya yi albarka, yana kallon bango. Washegari Abba ya tafi. Na yi ta yi wa kowannensu bayanin ɗan'uwansa a waya har na gaji, kowa ya ce mini ba komai.

Ranar shida Maigida ya zo gidan ya sanar da abin da Kawu ya yi tun yana da lafiya, a gaban liman da Hajiya, don kada ya zama wasiyya ga magaji. Tsohuwa ya ba Maigida kyauta, don shi kaɗai ya rage da zai iya kula da ita. Mai suna kuwa ta Abba ce. Abba ya yi wata dariya mara daɗi, ya ce ta asalin ta tafi wurin bare, shi kuma an dawo masa da kyautarsa. Ya ce a sayar, ko a jefa a kogi, oho.

Nan ne taubasantaka ta yi mini rana. Ɗan kawuna ne, ina da izinin zaginsa tun daga gida, kuma na yi amfani da shi. Na ce masa kai ɗan banza mai kan kwakwa, ubanka ya ba ni saƙo a gadon mutuwa, kwana goma sha uku ina yawo da shi ban san na mene ne ba, kuma ba za ka hau jirgi ka bar ni da wannan ƙaiƙayin ba. In ba don shi ba, tashi don ni. Hajiya kuwa mayafinta kawai ta ɗauka, ita da take takaba, ta ce lalura ce. Ganin haka ya tashi.

Da hantsi muka isa shagon. Kujerar Kawu na nan, da fulas ɗinsa, da dardumarsa a naɗe a kan kanta. Maigida ya buɗe akwatin ƙarfen, ya duba kowacce sau biyu, ya shimfiɗa su a kan ƙyalle. Ƙotar Tsohuwa fes take. Katakon ƙotar sabuwar kuwa ya yi duhu, ya yi santsi a daidai inda tafin hannu ke zama. Ya ce wa Abba ya rufe ido. Ya sa masa ɗaya a hannu, ya ce ya kara a kunne ya ja a hankali, sannan ya karɓa ya sa masa ɗayar, ya ce to wacce ce ta da? Abba ya ce ta biyun mana, ko shi da bai san komai ba ya ji. Da ya buɗe ido, kyautarsa ce a hannunsa.

Maigida ya ce shekara bakwai, duk ranar aiki bayan Malam ya yi sallar yamma, sai ya fito da ita ya buɗe. Bai canza mata ko ƙusa ba. Abin da inji ya yanka shi ya bi ɗaya bayan ɗaya, da dutse da mai, kaɗan yau kaɗan gobe. Ya ce ya taɓa ce masa Malam, wannan aikin ya fi ƙarfin bindigar, ba wanda zai biya ka. Kawu ya ce ai ba ta sayarwa ba ce. Tsohuwa kuwa bai taɓa taɓa cikinta ba sai mai, ya ce aikin wani ne, ya riga ya gama.

Sai a lokacin na ga ƙaramin notin da ke riƙe da katakon ƙotar sabuwar. Na zaro hankicin na miƙa wa Abba, na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni. Bakin sukundireban ya zauna a ciki daram. Ya juya, katakon ya rabu biyu. A jikin ƙarfen da ke ɓoye a ƙarƙashi akwai ɗigo uku da layi. Ni na fara gane ta, na ce la ilaha illallah, alamar Kaka. Na gaya masa ko ta wa ce, da abin da ake sa wa ita. A ƙasan alamar kuma, da ƙananan haruffa da aka buga ɗaya-ɗaya, ga sunan nan da ban taɓa ji a bakin Kawu ba, wanda ni ma ba zan rubuta a nan ba.

Abba ya juya ga mahaifiyarsa, da Hausarsa mai ɗingishi, wadda rabon da in ji ta tun yana makaranta.

"Mama, nawa ne, ko na Kaka?"

Hajiya ta laluba jakarta ta sa tabarau, ta sunkuya. "Kakanka da ajami yake rubuta nasa," in ji ta. "Ƙirga haruffan."

Ya ɗora yatsa yana bi. Harafin nan na ƙarshe, wanda Kawu ya yi shekaru yana mita a kansa, yana nan, kuma ya fi sauran nitsewa a ƙarfen.

Abba ya zauna a kujerar babansa. Maigida ya fita waje wai zai duba motarsa. Ni kuwa na tsaya na yi wa Kawu addu'a a raina, Allah ya jiƙansa, ya yafe masa shirunsa, ya yafe mini bakina, ya karɓe shi da irin haƙurin da ya yi wa ƙarfe da mutane. Da na ga rana ta yi, ga baƙi suna jira a gida, ga kayan da bai haɗa ba, na taɓa kafaɗarsa na ce Abba, tashi mu tafi, jirginka fa jibi ne da safe.

Bai ɗago ba. Yatsansa na kan harafin.

"Tukuna," ya ce.